Kazar Maɗori da Kafaɗar Dada

Ni nake ɗaura wa Dada ɗankwali kullum safiya. Dada uwata ce, haka muke kiran uwa a gidanmu. Sai ta zauna a bakin katifa, in tsaya a kanta in naɗa in ƙulle, ta ce ya yi tsauri, in kwance in sake, ta ce yanzu kuma ko atishawa ta yi zai faɗi. Ni ba mai haƙuri ba ce. Duk layinmu a Luggere an san da haka, har mai kanti in ya hango ni yakan ajiye wanda yake sallama ya fara da ni don a rabu lafiya. Amma ɗankwalin nan na haura shekara goma ina ɗaura shi ban taɓa fashi ba, domin na san abin da ya hana ta ɗaurawa da kanta.

Hannunta na dama ba ya wuce ƙirji. Tana cin tuwo da shi, amma sai ta sunkuyar da kai ta tari lomar a hanya. Shekara da shekaru, in ta tayar da kabbara, na hagu ne ke kai kunne, na daman ya tsaya a rabi kamar mai roƙon a yi masa ragi a kasuwa.

Ina 'yar shekara goma sha uku muka gudo daga Mubi, ranar da yaran daji masu bindiga suka shigo gari. Baba ya fita kasuwa da safe, har yau bai dawo ba, kuma ba zancensa zan yi a nan ba don ba ni da abin faɗi. Kwana biyu muka yi muna tafiya a ƙasa, ni da Dada da ƙanwata a goye. A rana ta uku muka fito bakin kwalta muka tarar da wata tifar yashi cike da mutane, tana tafiya a hankali ba ta tsayawa, wanda ya iya hawa ya hau. Ni na kama ƙarfe na haye kamar akuya. Dada na gudu a baya da goyo, ta miƙo hannu. Wani mutum mai jar hula, ban san shi ba, ban kuma ƙara ganinsa ba, ya kama wuyan hannunta ya fizgo ta sama da iya ƙarfinsa. Duk da kukan injin da na yara, na ji ƙarar. Ƙas, kamar an karya rake. Dada ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan yashi ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan, ta ce wa mutumin, "Useko, na gode, Allah ya saka." Haka ta tallafe shi har muka shigo Jimeta.

Gidan Yapendo muka sauka, ƙanwar Dada da ke aure a Luggere. Ɗaki biyu ne da rumfa, kuma dangin mijinta sun riga mu isowa, har a bakin rijiya akwai mai shimfiɗa. Da aka tuɓe wa Dada riga sai muka ga kafaɗar ta canza kama. Inda ya kamata ya zama a dunƙule ya faɗa ya yi kwari, ƙashin sama ya fito da tsini kamar kusurwar tebur, ga wani ƙullutu ta gaba, ƙasa da ƙashin wuya. Hannun ya ƙi kwanciya a jiki, ya ɗan buɗe gefe, in an taɓa shi sai gumi ya keto mata.

Washegari ni na raka ta babban asibiti, don Yapendo na fama da tukunyar baƙi. Tun daga ƙofa ake laluben mutane. A ciki baranda ta cika maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, ga ƙuda, ga zafin Yola da ke dafa mutum daga ciki. Aka ba mu kati muka bi layi tun hantsi. Azahar ta yi ta wuce. Ban sa komai a cikina ba tun jiya, ƙanwata kuma na goye a bayana tana tsala kuka a kunnena. Na ƙirga waɗanda ke gabanmu, saura shida. Sai ga mota ta kawo waɗanda aka harba, aka shiga da su a guje, ma'aikata duk suka bi su, ƙofar da muke jira ta rufe.

Wata mata da ke kusa da mu ta leƙa kafaɗar Dada ta ce, "Wannan ai ba aikin asibiti ba ne, aikin ɗori ne. Akwai wani tsoho a Vinikilang, hayin gada. Mijina da ya faɗo daga mota shi ya ɗora shi. Ku tafi masa da kaza, mace, tunda mace ce mai ciwon. Nan in kun yi wasa yanke hannun za su yi."

Na miƙe. "Dada, tashi mu tafi."

"Mu ɗan ƙara jira, ɓingel am, 'yata. An kusa zuwa kanmu."

"An kusa ina? Ba ki ga masu jini ba? Wa zai bar mai harsashi a ciki ya zo ya dubi kafaɗa? Sai mun kwana uku a nan. Ni dai na gaji, tashi."

Na kama hannunta mai lafiya na ja. Ta tashi. Katin ma a kan benci muka bar shi.

Da la'asar muka haye gada a keke, mu da Yapendo, riƙe da kazarta guda ɗaya da ta rage, wata ja mai wake-wake. Sojan da ke shingen gada ya dubi kazar ya ce ko tasa ce, ba wanda ya yi dariya. Maɗorin yana zaune a gindin darbejiya, ga majinyata kwance a rumfar zana ƙafafunsu cikin karare. Ya latsa kafaɗar Dada sau biyu, ta cije leɓe.

"Karaya ne," ya ce. "Ƙashi ya tsage ta ciki."

Ya karɓi kazar, ya buɗe fiffikenta na dama, ya yi bismilla, ya ɓalle shi da yatsu biyu. Kazar ta yi ihun da Dada ba ta yi ba. Ya ɗaure fiffiken da tsinke da zare, ya tofa addu'a, sannan ya juyo kan Dada. Ya shafa mata man shanu, ya jera karare a damtse ya naɗe da tsumma, ya danno hannun kan ƙirji da ƙarfi ya ɗaure da zani. A nan ne idonta ya juye, sai da aka yayyafa mata ruwa.

"Ku tafi da kazan nan," in ji shi. "Shi da mai ciwo abu ɗaya ne yanzu. A ba shi abinci, a ba shi ruwa, kada ya yi nisa. Ranar da ya buɗe fiffike biyu ya kaɗa, ƙashi ya kama, ku dawo in kwance. Kafin nan ko likitan Makka ne ya zo kada ya taɓa min ɗori." Ya nuna ni da haɓa. "Wannan mai tsiwar ido, ita za ta yi kiwo."

Haka na zama makiyayiyar kaza. Aka ɗaure ta da igiya a gindin turmi, dab da inda nake shimfiɗa tabarmata a rumfa. A gidan da yara ke lashe gindin tukunya, ni ce mai ɗibar dawa in watsa wa kaza ana harara ta. Yaran gidan suka sa min suna Adda mai kaza. Kullum da safe Dada za ta fito da hannu a ɗaure ta tsuguna ta duba fiffiken, kamar mai duba jariri.

Ran kwana na tara kazar ta yi min kashi a kan hijabin da shi kaɗai na gudo da shi. Na wanke na shimfiɗa a kan tabarma, ta ja igiya ta sake hayewa ta sake yi. Na kwance igiyar daga ƙafarta, na ce je ki can ki yi iskancinki, na kora ta bayan ɗaki. Niyyata in gama wanki in kamo ta. Ƙofar gida kuwa a buɗe take, don gidan da ya cika haka ƙofarsa ba ta rufuwa. Kafin in matse hijabin ta fice.

Na bi Luggere lungu-lungu har aka kira magariba. Kaza mai karyayyen fiffike, a garin da ya cika da masu yunwa. Ko gashinta ban gani ba. Da na dawo Yapendo ta ɗauke ni da mari har sau biyu. Dada ta dube ni kawai ta ce, "Kin ci abinci?"

Muka koma wurin maɗori, ya dafe kai. "Ba kaza, ba lissafi. Ni da me zan gane ƙashi ya kama?" Ya ce a kawo wata. Mijin Yapendo ya samo wata tsohuwa baƙa, aka ɓalle mata fiffike, aka soma ƙirga daga farko. Wannan karon ba a ba ni kiwo ba. Don tsoron kada ita ma ta ɓace, Yapendo ta kulle ta a wani ƙaramin akurki ta ɗora dutse a kai. Sati ya bi sati ana leƙawa ta rami, kaza ba ta kaɗa fiffike ba. Ta ina za ta kaɗa, a wurin da ko juyawa da ƙyar take yi? Ba wanda ya yi wannan tunanin, har da ni mai baki. Sai wata rana da aka fito da ita don a share akurkin, tana taka ƙasa ta buɗe fiffike biyu ta karkaɗe su har ƙura ta tashi. Allah kaɗai ya san tun yaushe ta warke. A lokacin hannun Dada ya kusa wata uku a ɗaure.

Da aka kwance, warin ne ya fara fitowa. Fatar hammata ta saluɓe, damtsen ya tsotse ya koma kamar muciya. Kafaɗar kuwa tana nan yadda muka kai ta, da kwarinta da tsininta.

"Ɗaga," in ji maɗori.

Dada ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta fito. Hannun ya taso kaɗan ya tsaya.

Tsohon ya kakkaɓe hannunsa. "Kazan farko ne ya tafi da lafiyan. Wanda ya ci shi ya ci kafaɗan. Ni dai na yi nawa."

Duk wanda ke gindin bishiyar ya juyo ya dube ni.

Da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa Mubi, Dada ta ƙi. Ta ce gidan ya ƙone, kuma in Baba na da rai ya san gidan Yapendo. Muka kama ɗaki ɗaya a layin, ta koma sana'arta ta da, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai san aikin nan ba yana ganin wasa ne. Bayan an soya gyaɗa an murje an kai inji, sai a zuba ƙullun a turmi ana ɗiga ruwan zafi ana tuƙawa da muciya har mai ya taso, kuma ƙullun yana ƙara tauri ne kana ƙara gajiya. Mata masu hannu biyu suna nishi a kai. Dada ta matse turmin da gwiwoyinta, ta riƙe muciya da hagu, ta dafa gindinta da na daman don kada ta zame, ta yi ta juyi. Da wannan hannun na hagu ta kai ni har na gama sakandare.

Ita ba ta taɓa yi min gorin kaza ba, ko sau ɗaya. Yapendo ce mai yi. In na ƙona miya, kaza. In na yi faɗa da wata a bakin famfo, kaza. "Ke da ko kaza ba ki iya riƙewa ba, wa zai ba ki ɗansa?" Ni kuma ba na barin ta kwana, sai in ce, "Ai kazar taki ce ba tarbiyya, gidan da ta tashi ne." A yi dariya a wuce. Amma ban ƙara cin naman kaza ba, ko ranar Salla. A aji huɗu aka zana mana ƙasusuwan mutum a allo, na haddace su na ci jarrabawa, kuma kaina ya san babu wata igiya tsakanin fiffiken tsuntsu da kafaɗar mutum. Sai dai abin da aka faɗa maka kana shekara sha uku, a gaban jama'a, alli ba ya goge shi.

Ba irin maganin da ba a gwada wa hannun ba. Wanzami ya yi mata ƙaho har bayan kafaɗar ya cika da zane. An sha rubutu, an shafa man zafi iri-iri, mai kemis ɗin bakin titi ya yi mata allurai har ya gaji ya ce sai haƙuri. Asibiti kam ba a koma ba. Kowa ya riga ya san dalilin ciwon, to me za a je nema?

Daminar bara na hagun ya fara. Da farko ta ce kwanciya ce ta yi a kansa. Daga nan ta daina iya sauko da kwano daga saman kabad, sai ta kira ni. Rannan ina shara na ji muciya ta faɗi a turmi, na waiga na gan ta zaune ta runtse ido, mai ya fara tasowa amma ba hannun da zai ƙarasa. Da asuba ta gaba ina bayanta ta tayar da salla, na ga duka hannayen biyu sun tsaya a ƙirji. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Abin da ke kaina shi ne, in wannan ma ya tafi, wa zai kai mata loma baki, wa zai yi mata tsarki? Mace mai shekara arba'in da 'yan kai.

Tana sallamewa na ce, "Yau asibiti za mu."

"Ga ƙullun gyaɗa na jira a turmi, ga masu mai za su zo."

"Su zo su tuƙa da kansu. Sa hijabinki."

Barandar tana nan, an dai yi mata fenti an ƙara benci. Muka karɓi kati muka zauna. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, na ga an shigar da wata da ta zo bayanmu, na haɗiye. Na zauna a kan tafin hannuna kamar 'yar firamare har aka kira mu.

Likitan ƙashin dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta mutanen Numan. Ya ce, "Mama, wanne ke ciwo?"

"Na hagu."

"Wannan fa?"

"Wannan ya mutu tuntuni, bar shi."

"Ai ni na fi son matattu, Mama, ba sa gardama. A sauke mata rigar kaɗan."

Ya zagaya bayanta ya tsaya yana kallon kafaɗun biyu, bai taɓa ba tukuna. Sannan ya sa babban yatsa a kwarin nan na dama, yatsan ya nutse. Ya laluba ta gaba ya sami ƙullutun, ya juya mata gwiwar hannu a hankali, ƙullutun ya motsa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya ce ta taɓa ƙeya, ta kasa. Ya ce ta dafa ɗayar kafaɗar, ta kasa. Ya ɗauki murfin biro ya tsikari gefen damtsen, ta ce ba ta ji ba. Ya koma na hagu ya ce ta ɗaga ta gefe. Ya tafi lafiya har kusan daidai kafaɗa, a nan ta yi ƙara. Ya ɗaga mata shi da kansa ya wuce wurin, ya ce ta sauke a hankali, hannun ya faɗo kamar an yanke igiya. Ya rubuta takarda ya ce a yi hoton ƙashi, duka biyun, ta gaba da ta gefe.

Da muka dawo da hoton babu wuta, sai ya ɗaga shi a taga. Ya dunƙule hannu ɗaya ya sa a tafin ɗayan. "Kafaɗa haka take. Kan ƙashi a dunƙule, yana zaune a gurbi mara zurfi, jijiyoyi ne ke riƙe da shi. To dubi nan. Ga gurbin, ba kowa a ciki. Ga kan ƙashin can ƙasa ta gaba, ya haƙa wa kansa wurin zama. Gocewa ce. Wannan ƙashin bai taɓa karyewa ba."

Na ce, "Maɗori ya ce karaya ce."

"Ƙashin da ya karye ya ɗoru yana barin tabo. Nemo min shi a nan."

Na ba shi labarin kazar, ta farko da ta biyu. Bai yi dariya ba. Ya ce ko kaza ɗari aka ɓalle, ƙashin da ba ya cikin gurbinsa ba zai koma don an ɗaure shi ba.

Sai na juya harshe zuwa Turanci don kada Dada ta ji. Na tambaye shi, da an gan ta a asibiti a lokacin fa? Shi ma ya amsa da Turanci, a hankali, yana kallon hoton ba ni ba. Ya ce a ranar, ko a cikin satin, allura ce ɗaya ta kashe zafi, a ja hannun a mayar, aikin da bai kai dafa shayi ba. Sai rataya na 'yan makonni, ta koma tuƙinta. Na ce yanzu fa? Ya ce yanzu gurbin ya cike da nama mai tauri, ƙashin ya yi laushi, in ya ja ko ya karye ko jijiyar jini ta tsinke. Sai dai babban aiki, a buɗe a sa ƙarfe, ba a nan ba, kuma ko an yi ba zai yi min alkawarin hannun zai kai ka ba. Tunda ba ya mata zafi sosai, shawararsa a bar shi.

Ya koma Hausa don na hagun. Ya ce jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashi sun goge sun kumbura, da alama ɗaya ta fara yagewa, domin shekara goma hannu ɗaya na aikin biyu. Zai yi mata allura a cikin gaɓar, ya tura ta sashen gashin ƙashi. "Amma Mama, ke da muciya kun rabu. In kika koma mata, wannan zai je ya tarar da ɗan'uwansa."

A baranda Dada ta ce in tsaya ta huta. Muka zauna. Ban rantse benci ɗaya ne da na wancan lokacin ba, amma ƙofar ita ce.

"Me kuka ce da Turanci?"

Ni ban iya ɓoye magana ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce, "Ya ce ba ruwan kaza. Ya ce da mun jira a layin nan rannan, da kafin la'asar an mayar miki da hannunki. Saura mutum shida, Dada. Kin ce mu jira, na ja ki."

Ta gyara hijabinta. Sannan ta ce, "Shi yana wurin?"

"Ga hoto ya nuna."

"Hoto ya nuna masa kazar? Ni na ga abin da na gani. Wani ɓarawo ya cinye min kafaɗa, Allah ya isa tsakanina da shi. Tashi mu je, rana na yi."

"Dada, ni ce fa."

"Na ce tashi. Ke ba kya gajiya da magana?"

Shekara goma ina ɗauke da laifin kaza, an sauke min shi a minti ɗaya an ɗora min wanda ya fi shi, kuma wannan ba ɓarawon da zan raba shi da shi. Yapendo ma da na gaya mata cewa ta yi likitoci ba su san komai ba, ta ci gaba da gorin kazarta. Yanzu in ta yi ba na ramawa.

Sashen gashin ƙashi muka yi ta zuwa duk Talata. Wata ma'aikaciya mai sarƙar gicciye a wuya takan ɗora wa Dada tawul mai zafi, ta sa ta sunkuya ta saki hannun yana lilo, sannan ta tsayar da ita a gaban bango. "Mama, yatsunki gizo-gizo ne, su hau bango. Hau, hau. Ƙara kaɗan. Kai Mama, gizo-gizon naki malalaci ne." Ta ce mu riƙa yi a gida safe da yamma, ina sa alama inda yatsa ya tsaya. Na samo gawayi na ja layi a bangon ɗakinmu, kusa da ƙofa.

Allurar ta yi aiki da farko. Zafin ya lafa, layin gawayi ya yi ta hawa, har wata safiya yatsanta ya kai daidai goshinta, ta taɓa kunnenta na hagu tana dariya. Ni na karɓi muciya. Takardar neman shiga makarantar koyon jinya da na cike tana ƙarƙashin katifa, ban mayar ba, don ba a tuƙa ƙuli daga aji. Amma tuƙina ba ya gamsar da Dada. Ta ce ina gaggawa, ina zuba ruwa da yawa, man yana fita da laka. Gaskiya ne kuma, masu saye sun fara ƙorafi. Ashe in na tafi kai gyaɗa inji sai ta zauna ta matse turmi da gwiwa ta gyara abin da na ɓata. Na kama ta sau uku. Na yi faɗa, na ɓoye muciya a gidan maƙwabta, ta aro wata.

Kafin kaka zafin ya dawo. Likita ya ce allurar nan ba a yawaita ta, tana cin jijiya. Yatsun suka daina hawa, suka fara sauka. Daga goshi zuwa hanci, daga hanci zuwa haɓa. Yanzu ba sai na ɓoye muciya ba, ko ta ɗauka ba ta iya juya ta. Kofin shayi ma da hannu biyu take tallafo shi, ta sunkuyo da kai ta tare shi.

Jiya da safe na gama ɗaura mata ɗankwali, ta je gaban bango kamar kullum. Yatsun suka tashi daga ƙugu suna rarrafe, suka wuce ciki, suka zo ƙirji suka tsaya. Layin goshin nan yana can sama, baƙi ƙirin, tazarar taƙi biyu.

Ta ce, "Goge min wancan. Kallona yake yi."

Na jiƙa tsumma na goge shi, na goge na ƙasa da shi, da na ƙasa da wancan. Na ɗauko gawayi na ja sabo daidai inda yatsanta yake. Ya zo dab da inda na dama ya saba tsayawa.

Ta ja da baya ta duba. "Kin gani ko? Yau na kai."

Na ce na gani. Na fita na ɗora ruwan zafi, don ƙullun jiya yana turmi yana jirana.